Me ya sa zafin digiri ɗaya ko biyu ke sa a kashe tashar nukiliya?

Tambaya: Aikina kula da na'urorin awo ne a masana'anta. A wurinmu idan ɗakin injuna ya ɗauki zafi sai mu ƙara fanka, aiki ya ci gaba. Na ji an ce a tashar nukiliya zafin ruwa ko na ɗaki kan haura iyaka da digiri ɗaya ko biyu a kashe tashar, alhali babu abin da ya lalace. Da gaske ne? Yaya ake auna zafin, kuma me doka take nema?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. A watan Agustan 2012 an kashe tukunya ta biyu (tukunya ita ce injin da makamashin nukiliya ke samar da zafi a cikinsa) a tashar Millstone da ke jihar Konetikat a Amurka, ta yi kusan mako biyu a kashe, saboda ruwan tekun da take ja don sanyaya injunan tsaro ya haura digiri 75 a ma'aunin Faranhait, wato kusan 24 a Salshiyas. Babu injin da ya ƙone, babu bututun da ya fashe. Lasisin tashar ne ya ce 75. Sai a 2014, bayan kamfanin ya sake lissafi ya miƙa wa hukumar NRC mai sa ido kan tashoshin nukiliya a Amurka, aka amince a ɗaga iyakar zuwa 80 a Faranhait. Misalaina galibi daga tsarin Amurka za su fito, domin dokokinsu a rubuce suke dalla-dalla kuma ƙasashe da yawa sun aro daga gare su. Duk digirin da na ambata daga nan na Salshiyas ne.

Kafin a ba tasha lasisi, sai masu ita sun gabatar da lissafin haɗari. Lissafin yakan ce: a ɗauka babban bututun ruwan sanyaya ya tsinke, wutar waje ta ɗauke, janareta ɗaya ya ƙi tashi, to shin rigar sandunan makamashi za ta haura digiri 1,204 da doka ta gindaya? Shin ginin killacewa, wato katafaren ginin kankaren da ya lulluɓe tukunyar, zai jure matsin tururin? Kowane irin wannan lissafi yana farawa ne daga wasu lambobi da aka ɗauka: ruwan teku bai wuce kaza ba, iskar cikin ginin ba ta wuce kaza ba, batir yana da ɗumi kaza. Waɗannan lambobin su ake kwashewa a zuba cikin kundin sharuɗɗan fasaha, wanda sashe ne na lasisin kansa. To ranar da zafi ya haura lambar, injin zai iya ci gaba da juyawa lafiya lau, amma hujjar da aka bayar cewa zai yi aikinsa ranar haɗari ta faɗi. Tashar tana aiki ke nan a yanayin da babu wanda ya lissafa. Wannan shi ne abin da doka ta hana, kuma a ganina ta yi daidai, domin ranar haɗari ba ranar gwaji ba ce.

Kundin bai tsaya ga faɗin iyaka ba, har agogo yake ɗora maka. Ɗauki iskar ginin killacewa a samfurin kundin da ake amfani da shi ga tukwanen da kamfanin Westinghouse ya ƙera. Matsakaicin zafinta kada ya wuce kimanin digiri 49, kuma ana dubawa duk awa 24. Idan ya wuce, kana da awa 8 ka dawo da shi. Ka kasa, sai ka kashe tukunyar cikin awa 6, ka sanyaya ta zuwa ƙasa da digiri 93 cikin awa 36. Agogon yana fara bugawa ne daga lokacin da aka gano, don haka rubuta lokaci daidai a rajista aiki ne babba. Kashe tashar da kundin ya tilasta kuwa dole a sanar da hukuma ta waya cikin awa 4, rubutaccen rahoto ya biyo baya cikin kwana 60. Ga kuma sufetocin hukumar da ke zaune a tashar kullum, aƙalla biyu, masu ikon buɗe kowace rajista.

Kada ka haɗa wannan da abin da kake ji daga Faransa lokacin bazara, inda kamfanin lantarkin ƙasar, EDF, ke rage wuta a tashoshin da ke bakin kogunan Ron da Garon. Wancan iyakar muhalli ce, don kada ruwan da tashar ta mayar ya ƙara wa kogi zafin da zai cutar da kifi. Shi ya sa a bazarar 2022 hukuma ta iya sassauta ta na ɗan lokaci ga wasu tashoshi.

Yanzu ga na'urorin, inda ka fi kusa. Iri biyu ne suka mamaye aikin. Na farko shi ne RTD, siririyar wayar filatinam da turjiyarta ga lantarki ke ƙaruwa da zafi. Wanda aka fi sani yana da om 100 (om shi ne ma'aunin turjiya) a digiri sifili, om 138.5 a digiri 100, wato kusan om 0.385 ga kowane digiri. Ka juya lissafin ka gani: om ɗaya tak da ya ƙaru a hanya, ko daga tsawon kebul ko daga noti mai tsatsa, zai ƙara wa karatun digiri 2.6. Saboda haka ake haɗa shi da waya uku ko huɗu, a cire turjiyar hanya daga lissafi. Shi ake sawa a manyan bututan tukunyar ruwa mai matsi, inda ruwa ke shiga a kusan digiri 290 ya fita a kusan 325, domin daga wannan tazara ta digiri 35 ake gane ƙarfin da tukunyar ke bayarwa. Kuskuren digiri ɗaya a nan kusan kashi 3 cikin ɗari ne na tazarar, ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu shi ne tamokopul, ƙarfe biyu daban da aka haɗe bakinsu. Nau'in K yana ba da kimanin maikurobolt 41 ga kowane digiri. Bai kai RTD daidaito ba, amma siriri ne kuma yana jure zafi mai tsanani, shi ya sa ake jera shi a saman sandunan makamashi inda ruwa ke fitowa. Rauninsa yana wurin mahaɗar sanyi: idan akwatin da wayoyinsa suka haɗu da tagulla ya ɗumama ba a lissafa ba, ko wani ya yi ƙari da wayar da ba nau'inta ba, karatun ya goce ke nan ba tare da wata alama ba.

Akwai matsalar da takardar saiti ba ta nunawa, wato jinkiri. RTD ba ya taɓa ruwan kai tsaye, yana zaune ne cikin kuben ƙarfe da aka dasa a bututu. Idan bakinsa bai zauna daram a ƙasan kuben ba, ko datti ya shiga, ɗan ratar iskar da ta rage za ta sa ya yi nauyin ji. A zafin da ya tsaya cik zai karanta daidai, amma idan zafi ya yi tsalle zai makara da daƙiƙu, alhali lissafin haɗari ya ɗauka cewa za a kashe tukunya cikin ƙayyadaddun daƙiƙu. Ana gwada wannan ba tare da an cire shi ba: a ƙara masa ɗan lantarki ya ɗumama kansa, a naɗi yadda turjiyarsa ke hawa, daga nan a fitar da saurin amsawarsa. Saitinsa ma ana dubawa a inda yake. Bayan canjin makamashi, lokacin da ake ɗumama tashar da famfuna kawai kuma ruwan ko'ina zafinsa ɗaya, sai a tsaya a matakai daban-daban a karanta dukkan RTD ɗin, a fitar da matsakaici, wanda ya fanɗare daga 'yan'uwansa a gyara lissafinsa ko a canza shi.

Duba na'urorin tsaro hawa-hawa ne. Duk awa 12 ma'aikacin ɗakin sarrafawa yana kwatanta layukan awo da ke auna abu ɗaya, galibi uku ko huɗu ne, ya ga ko sun yi hannun riga. Bayan 'yan watanni a cusa siginar gwaji a ga ko layin zai buga ƙararrawa ya kuma ba da umarnin kashewa a lambar da aka saita. Cikakken saiti kuma duk wata 18 ko 24, lokacin canjin makamashi. A wurin saitin nan akwai ɗabi'ar da nake so ka riƙe ko a masana'antarku: a rubuta yadda aka sami na'urar kafin a taɓa ta, sannan a rubuta yadda aka bar ta. Mai gaggawa yakan murɗa ya daidaita sannan ya rubuta, ya shafe shaidar da kaɗai za ta nuna ko na'urar ta yi wata 18 tana faɗin ƙarya. Idan an same ta a wajen iyakar da aka yarje, tambaya takan koma baya: tun yaushe, kuma a tsawon lokacin an keta sharaɗin lasisi ko ba a keta ba? Haka na'urar da aka yi saitin da ita, dole a rubuta lambarta da ranar ƙarewar nata saitin. In daga baya aka gano ita ce ta goce, sai a bi duk aikin da aka yi da ita ɗaya bayan ɗaya.

Lambar ƙararrawa ma ba a ɗora ta a kan iyakar lissafin haɗari. Ana tattara kurakuran da ka iya taruwa a layin: na RTD, na na'urar da ke mayar da karatun siginar miliamfa 4 zuwa 20, na gocewa tsakanin saiti da saiti, na tasirin zafin ɗakin da katunan lantarkin suke. Waɗanda ba su dogara da juna ba a ninka kowanne da kansa, a tara, a ɗauki tushen jimlar. Waɗanda ke karkata gefe ɗaya a ƙara su kai tsaye. Sai a ja baya daga iyakar da wannan adadi. In iyakar 49 ce kuma kuskuren layinka ya kai digiri ɗaya da rabi, karatun 48 bai wanke ka ba, sai dai idan an riga an cire kuskuren wajen tsara lambar kundin. Injiniyan da bai san wanne ne ya shafi tasharsa ba yana cikin hatsarin keta doka bai sani ba.

Ɓangaren da ya fi ɓuya, kuma ya fi cin mutane, shi ne tsufan kaya. Dokar Amurka mai lamba 10 CFR 50.49, wadda ta fito a 1983, ta ce kayan lantarkin tsaro da ke wuraren da haɗari zai cika da tururi da turirin nukiliya, wato radiyeshan, sai an tabbatar za su yi aiki a wannan yanayi ko da sun kai ƙarshen shekarunsu. Yadda ake yi shi ne a ɗauki samfurin kebul, ko solanoyid (naɗin waya da ke zama maganaɗisu ya motsa bawul), ko injin buɗe bawul, a gasa shi a tanda na kwanaki don a tsofar da shi da gangan, a haska masa turirin nukiliya, a jijjiga shi kamar girgizar ƙasa, sannan a sa shi a ɗakin tururi a ga ko zai yi aiki. Kwanakin tanda ana mayar da su shekaru ne da lissafin Areniyas, wanda ke nuna yadda zafi ke ƙara saurin tsufan kaya, kuma shekarun da aka samu suna rataye da zafin da aka ɗauka kayan za su zauna a ciki.

Ga misali da lambobi. A ce robar wani solanoyid an ba ta shekara 40 a digiri 50, kuma adadin kuzarin da ke cikin lissafinta 0.8 ne. Idan ashe wurin da aka ɗaura shi digiri 60 ne, saurin tsufan ya ninka kusan sau 2.4, shekara 40 ta koma kimanin 17. A digiri 70 ta koma bakwai da rabi. Abin da ya fi yaudara shi ne matsakaici. Wurin da ke yin rabin shekara a digiri 40 da rabi a 60, matsakaicinsa 50 ne, mai duba takarda zai ce komai daidai. Amma watannin zafi suna ci fiye da abin da watannin sanyi ke ragewa, lissafin gaskiya yana ba da kusan shekara 29. Don haka ake lissafa tsufan awa-awa daga abin da aka naɗa, ba daga matsakaicin shekara ba. Da tashoshi suka fara neman tsawaita lasisi daga shekara 40 zuwa 60, wasu har 80, wannan lissafin yana cikin abubuwan da dole aka sake buɗewa.

Kuma ma'aunin da ke jikin bango bai san halin da kayan ke ciki ba. Ka shiga ɗakin bututan tururi ka ga ma'auni na nuna 45. Ka ɗaga kai, can sama kusa da wani bawul, an cire bargon bututu lokacin gyara ba a mayar da shi daidai ba, ga tiren kebul a tazarar taku ɗaya daga ƙarfe mai digiri sama da 250. Rigar kebul ɗin ta canza launi, ta yi tauri, in ka lanƙwasa ta sai ta tsage kamar busasshiyar fata. A ranar yau tana kai wuta lafiya, domin wurin a bushe yake. Ranar da tururi ya cika ɗakin, ruwa zai bi tsagar ya haɗa wayoyin. Maganin shi ne a liƙa ƙananan na'urorin naɗar zafi a jikin kayan kansu, su yi zagaye guda na aiki har da watannin zafi, a kuma zagaya bayan kowane babban gyara ana neman bargon da ya ɓace. Solanoyid da ke kunne dare da rana yana ƙara wa kansa zafi na gomman digiri a kan na ɗaki, wannan ma dole ya shiga lissafi.

Kyamarar zafi tana taimakawa wajen gano noti mai sako-sako a allon wuta, amma tana da sharaɗi. Tagulla mai sheƙi ba ta fitar da zafinta yadda kyamara za ta gani, sai ta nuna maka sanyi ko ta hasko zafin jikinka. A auna a kan tef ɗin lantarki ko fenti, kuma a yi lokacin da layin ke ɗauke da kaya, aƙalla kashi 40 cikin ɗari, a kwatanta layuka ukun da juna.

Sanyi ma laifi ne a wasu wurare. Batiran tasha an lissafa su ne a digiri 25: zafi da ya ɗara haka da digiri 8 zuwa 10 yana raba shekarunsu biyu, sanyi kuma yana rage wutar da za su bayar, shi ya sa kundin ke da iyakar ƙasa ga ruwan batir. Ruwan sinadarin boron, wanda ake amfani da shi wajen danne aikin tukunya, idan ya yi sanyi yakan daskare ya toshe bututu, don haka ake naɗe bututun da wayar ɗumamawa. Janaretan dizal ana riƙe ruwansa da mansa da ɗumi domin ya tashi ya kai gudu cikin kimanin daƙiƙa 10. Ita kanta tukunyar ƙarfen, wadda turirin nukiliya ke ƙara mata gautsi da shekaru, ba a ɗumama ta ko sanyaya ta fiye da kimanin digiri 55 a awa, kuma ana duba wannan duk rabin awa lokacin tashi da sauka. Kankare kuwa iyakarsa ta dogon lokaci kimanin 65 ce, 93 a ƙananan wurare kamar inda bututu mai zafi ya ratsa bango.

Duk wannan tsari yana rushewa idan mutane suka saba da karatun da bai dace ba. Ranar 28 ga Maris 1979, a tashar Three Mile Island da ke Amurka, bawul ɗin rage matsi ya buɗe ya ƙi rufuwa, fitilar ɗakin sarrafawa kuma tana nuna umarnin rufewa da aka aika ne kawai. Akwai ma'aunin zafi a bututun da ke bayan bawul ɗin, kuma takardar aiki ta ce sama da digiri 93 alama ce ta bawul a buɗe. Karatun ya haura haka nesa ba kusa ba. Amma an daɗe ana samun ɗan yoyo a wurin, ma'aunin kullum sama yake, ido ya saba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ko da yake waɗannan ƙwararru ne da tsarin ya koya wa sabon. Ƙari a kan haka, tururin da ya faɗo daga matsi mai yawa zuwa kaɗan yana sanyaya, ba zai taɓa nuna digiri 345 na inda ya fito ba, don haka karatun bai yi musu kama da na bawul a buɗe ba. An shafe sama da awa biyu ruwa na zuba kafin a rufe bawul ɗin da ke tare hanyar. Daga baya kwamfuta ta riƙa buga alamar tambaya a gurbin karatun tamokopul na cikin tukunya, domin ba a tsara ta ta nuna sama da digiri 371 ba. Da aka auna wayoyin da hannu aka ga wasu sun haura 1,000, aka ce na'urorin ne suka lalace. Bayan wannan ne aka wajabta cewa ma'aunan nan su iya nuna har digiri 1,260.

Kwatanta da Fabrairun 2012 a tashar Fukushima Daiichi ta Japan, inda ma'auni ɗaya a ƙasan tukunya ta biyu ya yi ta hawa har ya wuce iyakar digiri 80, sauran da ke kusa da shi kuma ba su bi shi ba. An ƙara ruwan sanyaya, an zuba boron, sannan aka auna turjiyar wayarsa aka tabbatar shi ne ya lalace. Tsarin da ya dace ke nan: ka ɗauki karatun a matsayin gaskiya, ka yi abin da takarda ta ce, ka fara agogo, sannan ka nemi hujja. Hujjar kuwa tana da hanyoyi sanannu. A kwatanta da layukan da ke auna abu ɗaya. A duba wani awo daban da ya kamata ya motsa tare da shi, kamar matsi ko lantarkin da injin ke ja. A auna turjiyar waya da waya, da ta waya zuwa ƙasa, domin danshi a cikin kebul na RTD yana buɗe wa lantarki wata hanya ya ja karatun ƙasa, wanda shi ne gefe mafi hatsari. In an tabbatar na'urar ce, a ayyana layin a matsayin wanda ba ya aiki, a shiga sharaɗin da kundin ya tanada masa, a buɗe takardar gyara.

Game da fankar da ka ambata, a tashar nukiliya ma ana sa ta, ana kuma buɗe ƙofa, amma sai an yi nazari a rubuce tukuna. Ƙofar na iya zama shingen gobara, ko na ambaliya, ko na tururi, kuma buɗe ta na iya jefa kayan ɗakin gaba cikin yanayin da ba a gwada su a kai ba. Fankar kuma a tambaya daga wane layi take shan wuta, ko za ta ci gaba da juyawa idan wutar waje ta ɗauke, da kuma ko an ɗaure ta yadda girgizar ƙasa ba za ta jefa ta kan allon wuta ba. Awannin da ɗakin ya yi sama da iyaka kafin a kawo ta, su ma ana miƙa su ga injiniyan da ke riƙe da fayil ɗin tsufan kaya, ya cire su daga shekarun da suka rage wa kowane abu da ke ɗakin, ya gyara ranar canza shi.